Kafin a Kira Su Kaka

Hausa harshe ne da ba ya gajiya da rarrabe namiji da mace. Rana mace ce, wata namiji. Wuta mace ce, ruwa namiji. A cikin dangi kuwa rarrabewar ta fi tsauri: akwai uba akwai uwa, akwai wa akwai ya, akwai ƙane akwai ƙanwa. Ɗan'uwan uwa kawu ne, na uba baffa. 'Yar'uwar uba gwaggo ce, ta uwa inna. Amma da zarar an haura hawa ɗaya bisa iyaye, sai harshen ya tattaro mutum huɗu, maza biyu mata biyu, kowa da garinsu da sana'arsa da irin wuyar da ya sha, ya ɗaura masu suna guda: kaka. In an ƙara hawa sai a ce kakan-kaka, daga nan kuma sai hazo, wanda muke kira kaka da kakanni. Duk wanda ya ce abu kaza haka yake tun kaka da kakanni, nufinsa abin bai taɓa motsawa ba. Kalmar da kanta ta koya mana kallon waɗannan mutane a zaune: tsohuwa bisa tabarma tana tsince wake, tsoho a zaure yana jan carbi. Shi ya sa ranar zaman makoki, idan wani sa'an mamacin ya ce ai wannan bawan Allah da ƙafarsa ya je Makka, ko ya ce ai ita wannan baiwar Allah da kuɗin saƙarta aka sayi gonar da kuke ci, sai jikoki su riƙe baki. Wannan mamakin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda mutum zai tashi a cinyar wani, ya sha furarsa shekara ashirin, bai san ko wane ne shi ba. A ganina abin da ke ɓoye a bayan kalmar nan, in an fito da shi da gaskiya, shi ne maganin ciwo biyu da suka daɗe suna cin al'ummarmu, wato alfahari da asali da gorin asali.

Mataki na farko na ɓacewar kaka shi ne ɓacewar sunansa, kuma ladabi ne ya jawo haka. Alkunya ta hana mace kiran sunan mijinta da na surukanta, ta hana iyaye kiran sunan ɗan fari, ta hana ɗa ambaton sunan mahaifinsa gatsal a gaban mutane. Idan aka yi haihuwa aka mayar wa jariri sunan kakansa, wanda shi ne babban girmamawa, sai nan take a lulluɓe sunan da laƙabi: Abba, Baba, Babangida, Uwa, Inna, Ummi. Sunan yana cikin gida, ana shiga ana fita da shi, ba mai furta shi. Akwai kyau a cikin wannan al'ada, domin ta sa suna ya zama abu mai nauyi wanda ba a wasa da shi a baki. Amma tana da farashi. Jika yakan girma yana cewa Hajiya Babba ko Malam ko Alhaji, sai ranar da aka buƙaci sunan a takardar gado ko a addu'ar sadaka ya tarar bai san shi ba. Ga kuma wani abu: Bahaushe bai gaji sunan gida da ke bin zuri'a ɗaruruwan shekaru ba. Sunansa ne da na ubansa, in jika ya zo na kakan ya faɗi. Lokacin da makarantar boko ta nemi suna na biyu, yara da yawa sunan garinsu ko unguwarsu aka rubuta masu, shi ya sa muka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da sunayen wurare. A irin wannan tsari, hawa uku ya isa mutum ya fita daga bakin zuri'arsa.

Masu sarauta ne kaɗai suka tsira daga wannan mantuwa, domin su an ajiye masu ma'aikata na tuni. Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, yawancinsu har da sunayen iyayensu mata. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi, idan za su ɗaga sarki, ba sa tsayawa a kan ubansa, sai sun kira shi jikan wane, domin a kunnen Bahaushe ɗa gado ɗaya ya ci, jika kuwa shaida ne cewa girman ya yi saiwa. Ɗalibin tarihi zai iya lissafa maka Sardauna Ahmadu Bello ɗan Ibrahim, ɗan Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba tare da ya yi tuntuɓe ba, alhali in ka tambaye shi sunan wadda ta haifi kakarsa sai ya yi shiru. Manomi da maƙeri da majemi da mai koda ba su da maroƙi. Ba a buga masu tambari, ba a rubuta su a kundi. Duk abin da suka gani da idonsu yana wuri ɗaya ne, a cikin kan tsoho ko tsohuwar gida, kuma ranar da aka kai shi makwanci an kai har da shi.

Sai dai al'adar da ta rufe suna ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa, kuma ƙofa ce mai faɗi. Tsakanin ɗa da iyaye akwai kunya, tsakanin jika da kaka akwai wasa. Kaka mace takan kira jikanta mijinta, ta ce bai kawo cefane ba. Ta kira jikanyarta kishiya. Kaka namiji yakan kira jikanyarsa amarya, ya ce wa jikansa namiji ya zo ƙwace masa mata. A gidan kaka ake wankan jegon fari, wurinta ake kai yaro yaye, sau da yawa ma a bar mata ɗan fari gaba ɗaya. Tambayar da ɗa ba zai iya yi wa uwarsa ba, kamar aure nawa ta yi ko me ya raba ta da mijinta na fari, jika zai yi wa kakarsa ita yana dariya, ta zage shi zagin wasa, sannan ta ba shi amsa. Wato al'ada ta naɗa jika magajin labari. Abin takaici shi ne abin da muka zaɓa mu karɓa ta wannan ƙofa. Mun zauna gabanta da dare ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka kwashi Gizo da Ƙoƙi da Dodo, muka tashi. Tatsuniya abu ne mai daraja, amma ta kowa ce, ana samunta a kowane gida. Labarin yadda ita mai ba da tatsuniyar ta tsira daga yunwa, ko yadda aka ɗauko ta daga wani gari tana 'yar shekara goma sha uku, a bakinta kaɗai yake, shi ne kuma muka bari.

Muna da shaidar abin da ke fitowa idan aka zauna aka tambaya. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda mijinta ke bincike a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, ta rubuta abin da ta faɗa mata. An haifi Baba wajen 1877, ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba, a ido tsohuwa ce kamar kowace tsohuwa a ƙauye. Amma da ta buɗe baki sai ga duniya guda: gidansu mai asali daga Barno, rinjinsu da bayin da ke noma a ciki, harin masu kama mutane da yadda dangi ke tara dukiya su fanso nasu, zuwan Turawa da yadda bayi suka watse, bori da ƙawance da zaman kishi, da aurenta huɗu. Ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta rena. Har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa kafin mulkin mallaka da farkonsa ba su da madogara da ta fi bakin wannan mata. Abin lura a nan shi ne Baba ba ta fi sa'o'inta ganin duniya ba. A kowace unguwa ta Zazzau da Kano da Katsina da Damagaram akwai irinta a lokacin. Ita dai an tambaye ta ne, an kuma yi haƙurin saurare.

In da an tambayi sauran, abu na farko da zai rushe shi ne zaton cewa kakanni mutanen zama wuri ɗaya ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a farkon 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin Nilu kusa da Sinnar. Wasu dubbai sun bi wannan hanya da niyyar hajji, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, da yawa suka tsaya ƙwadago a can, shekara ta zama goma, aka yi aure aka hayayyafa. Ta yamma kuma fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja. Da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga ta Gwanja a 1892, Hausawan can suka bazu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da Ankara suka kafa zango, kuma da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, wasu jikokinsu suka dawo ƙasar da ba su taɓa gani ba. Saboda haka gidan da ke cewa kakanmu ya tafi gabas bai dawo ba, mai yiwuwa yana da dangi na jini a Sudan masu magana da Larabci, su ma suna cewa kakanmu daga yamma ya zo.

Wasu tafiye-tafiyen kuma ba da son rai aka yi su ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, an kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka haye teku da su zuwa Indiya, suka yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Burma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, tsakanin 1943 da 1945. Sunayen barikokin soja irin su Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna da Myohaung a Legas daga can suka samo asali, muna wucewa ta gabansu kullum ba mu haɗa su da tsohon maigadin da ke faɗa da yara a bakin kasuwa ba. A waɗannan shekarun ne kuma aka yi ɗiban gwamna, aka tilasta wa talakawa zuwa haƙar kuza a Jos cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su dawo ba. A ƙasashen da Faransa ke mulki aikin tilas bai ƙare ba sai 1946, kuma gidaje masu yawa a Katsina da Daura da Sakkwato sun samo asali ne daga wanda ya tsallako iyaka da dare yana gudun wannan aiki da haraji. Kafin duk wannan an yi yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, lokacin da ƙauyuka suka tashi ɗungurungum suka nufi kudu. Mutumin da jikoki suka sani da faɗa in an zubar da tuwo, wataƙila a gidan da ya tashi akwai wanda ya ga an binne ƙannensa saboda rashin tuwon.

Abu na biyu da zai rushe shi ne zaton tsarkin asali, wato cewa akwai gidan da jininsa bai gauraya da na kowa ba. Sunayen unguwannin birnin Kano kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Mazauna waɗannan wurare yau Kanawa ne, Hausa suka buɗi baki da ita. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka riƙe fataucin goro, daga wajen Buzaye kakanninsu suka gangaro. A cikin Agalawan ne aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, shekara ɗaya da Baba ta Karo. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, aka bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ya girma ya yi fataucin goro, ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Sunan da wannan babban gida ke amsawa har yau, wanda ke rubuce a jikin kamfanoni da tituna, sunan matar da ta yi renon maraya ne. Wannan bai rage wa gidan komai ba. Ya ƙara masa ne, domin ya nuna cewa a wani lokaci an san alheri har an mayar da shi suna.

A nan ne mai ja zai ce a dakata. Zai ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, kuma rufin asiri na cikin manyan abubuwan da Bahaushe ke roƙon Allah safe da yamma. In kakanni sun yi shiru a kan wani abu, sun san dalili. Wannan magana tana da nauyi, kuma wani ɓangarenta gaskiya ne tsantsa. Laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, Allah Ya rufa masa, ba hakkin jika ba ne ya tone. Tsohon da aka tambaya ya kawar da kai, a ƙyale shi, shirunsa nasa ne. Amma yawancin abin da gidaje ke ɓoyewa ba laifin kowa ba ne a cikinsu. Masana tarihi irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan watan Maris na 1901, ba a kuma soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Waɗannan miliyoyin ba su ɓace ba. Sun yi murgu sun fanshi kansu, sun yi aure, sun haifi mu. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta, shari'a ta ba ɗanta 'yanci da gado daidai da ɗan matar aure, kuma ta wannan hanya sarakuna da malamai da attajirai masu yawa suka zo duniya. Yarinyar da aka sace a bakin rafi aka sayar ba ta yi abin kunya ba. In akwai kunya, tana wuyan wanda ya kama ta.

Kuma shirun bai taɓa kashe maganar ba, ya dai sauya mata mazauni. Tana nan tana jiran ranar neman aure, lokacin da ake aika tsofaffi binciken asali, a dawo a ce gidan ba su da tushe, a raba yara biyu ba tare da an gaya masu dalili ba. Tana fitowa ranar faɗan kishiyoyi da ranar takarar sarauta ko siyasa. Labarin da gida ya ƙi ba 'ya'yansa cikin mutunci, maƙiyi zai ba su shi a bainar jama'a da sigar gori. Haka abin yake ga wanda kakansa Bamaguje ne ko Ba'azne, ko kakarsa 'yar bori. Musulunci ya daɗe a biranen Hausa, amma ƙauyuka da yawa a ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi sun shige shi ne a cikin ƙarni na 20, wasu ma a zamanin rangadin Sardauna na shekarun 1960. Wanda ya san cewa yawancin Sahabbai da kansu 'ya'yan masu bautar gumaka ne ba zai ga abin ɓoyo a nan ba. Yaron da aka zaunar aka gaya masa cewa kakarsa ta sha bauta ta fito da mutuncinta, ko kakansa shi ne farkon wanda ya yi salla a gidansu, an ba shi abin tsayawa a kai. In wani ya zo masa da gori daga baya, ya tarar da shi a shirye.

Wani mai ja zai zo ta ɗaya gefen. Zai ce yawan zancen kakanni shi ke haifar da girman kai da ƙabilanci, addini kuma ya yi hani da alfahari da nasaba. Gaskiya ne ya yi hani, amma Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya bayyana cewa an yi mutane al'ummu da ƙabilu ne domin su san juna, ya kuma ajiye fifiko a kan taƙawa. Hadisi ma ya kwaɗaitar da sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Abin da ke kumbura kai shi ne rabin tarihi. Mutum yana da kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, sama da su goma sha shida. Mai alfahari yakan zaɓi ɗaya daga cikin goma sha shidan nan, wanda ya yi sarauta ko malanta, ya rataya a wuya, ya mance da sauran goma sha biyar, waɗanda galibi mata ne da talakawa da baƙi. Da zai bi su duka, da wuya ya kai ƙarshe bai ci karo da Babarbare ko Banufe ko Bagwari ko Buzu ko bawa ba. Kakanninmu sun fi mu sanin wannan, shi ya sa suka mayar da bambancin asali abin raha tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa. Cikakken sani yana sauke kafaɗa, kuma da wuya wanda ya ƙirga kakanninsa da gaskiya ya iya buɗe baki ya kira wani mara asali.

Akwai kuma masu cewa bakin tsoho ba abin dogaro ba ne: yana mantuwa, yana ƙari, kowa yana so ya ce daga Gabas kakansa ya fito, daga Bagadaza ko Yaman ko Misira. Wannan ma haka ne, kuma wanda zai tattara tarihin gidansu dole ya yi aiki da hankali. Amma tsofaffi suna da nasu ma'aunin lokaci, kuma yana da ƙarfi. Ba za su ce maka 1914 ba, za su ce shekarar Kakalaba. Za su ce zamanin Sarki Alu, ko shekarar fara, ko shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wadda ita ce 1956. Irin waɗannan alamomi ana iya auna su da abin da ke ajiye a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar binciken IRSH a Yamai. Ana kuma auna bakin tsoho da na tsohuwa, na ɗakin uwargida da na ɗakin amarya, da tsagar da wanzami ya yi a fuska, wadda takan faɗi garin da baki ya ɓoye. Kada kuma a manta cewa takardun Turawan su ma bakin mutum ne: jami'i ne ya tambaya ta hanyar tafinta, yawanci don ya san yawan harajin da zai ɗora, talaka kuma ya ba shi amsar da za ta fisshe shi. Ko ƙarin da tsoho ya yi yana da amfani, domin yana nuna abin da mutanen zamaninsa ke ganin daraja, da abin da suke tsoron a sani.

Saura mai cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ga matsalolin yau sun ishe mu. Amsarsa ita ce yawancin matsalolin yau kakanni sun ga irinsu, sun kuma san abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba: yadda aka raba burtali da gona, yadda unguwa ta ciyar da marayunta a shekarar fari, irin gero da dawar da ke jure ƙarancin ruwa, yadda aka sasanta gari biyu bayan an zubar da jini. Lokaci kuma ba ya jira. Sunan waɗannan mutane ya zo ɗaya da na lokacin girbi, kuma manomi ya san amfanin da aka bari a gona bayan kaka rabon gara ne da tsuntsaye. Waɗanda suka ga zuwan Turawa sun tafi, 'yan Burma saura ƙalilan. Kakannin yau su ne waɗanda suka ga samun mulkin kai a 1960, da yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da farin 1973 zuwa 1974 wanda ya ƙarar da dabbobi ya kuma share fagen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a Nijar. Su ne kuma na ƙarshe da suka ji labarin Burmi da Kakalaba daga bakin waɗanda suka gani. Zaman gandu da ya haɗa jika da kaka a tsakar gida ɗaya yana watsewa, yara suna tashi a birni, hira ta koma cikin waya. Amma wayar nan da ta cinye hirar dare tana iya ɗaukar murya, kuma babu gidan da ba ta shiga ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne: jika ya je da goronsa, ya zauna ƙasa, ya shiga ta ƙofar wasan da al'ada ta riga ta buɗe masa. Ya fara da tambayar suna na yanka, nasa da na iyayensa da na garin da aka fito, ya kuma fi matsawa a ɓangaren mata, domin nan ne mantuwa ta fi saurin ci. Ya tambayi sana'a, da tafiya mafi nisa, da shekara mafi wuya, da wanda ya yi masu alheri ba dangin iya ba na baba. Abin da aka ce ya riƙe a cikinsa ya riƙe, abin da aka yarda ya faɗa ya rubuta ya ba 'yan'uwansa. Muna yi wa kakanni addu'a, muna yi masu sadaka, muna mayar da sunayensu, duk wannan hakkinsu ne. Amma akwai hakkin da ya rage, shi ne a san su a matsayin mutanen da suka yi ƙuruciya, suka ji tsoro, suka yanke shawarwari masu wuya waɗanda da sun karkata wani gefe da ba a haife mu ba. Al'ummar da 'ya'yanta suka san wannan za ta rage raba aure saboda asali, za ta rage kiran maƙwabcinta baƙo, domin kowa zai gane cewa gidansu ma wata rana baƙi ne, wani ya ba su masauki.